Injin Gina Kaya Da Zaren Roba Ya Samu Ƙarin Gaɓoɓi: Me Ke Ciki Ga Ɗan Kasuwa?

Duk wanda ke harkar kasuwa ya san irin asarar da ɗan ƙaramin abu kan jawo. Firjin mai sayar da ƙanƙara na nan lafiya lau, amma mariƙin ƙofarsa na roba ya karye, sanyi na ta fita. Injin markaɗe ya tsaya cik saboda haƙora biyu sun ɓalle a jikin wani ɗan faifan roba da bai fi girman dala ashirin ba. A zagaya kasuwar Katako a Yamai, ko kasuwar Dole a Damagaram, ko babbar kasuwar Maradi, a rasa irinsa. A yi saƙo zuwa Kano ko Lome, a jira mako biyu, a ƙarshe a ce kamfanin ya daina yin wannan samfurin. Haka inji mai tsada ke komawa bola saboda abin da kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba.

Akwai wani inji da aka daɗe ana cewa shi ne maganin wannan matsala. Masu jin Faransanci na kiran sa imprimante 3D, mu kuwa za mu iya ce masa injin gina kaya, domin kuwa aikinsa ke nan: ya narka zaren roba ya gina abin da aka zana masa. Sai dai waɗanda suka yi aiki da shi sun san yana da lahani, kuma lahanin ya fi fitowa a kan irin kayan gyaran da muke buƙata. A cikin shekaru goma da suka wuce, wasu masu bincike a ƙasashen Turai sun ɗauki ƙananan injinan da ake sayarwa kowa ya ajiye bisa tebur, sun ƙara musu gaɓoɓi, domin kawar da wannan lahani. Sun kuma saki bayanin yadda ake yin aikin kyauta. Ga yadda al'amarin yake, da abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani kafin wani ya zo ya tallata masa.

Yadda injin ke aiki

Aikin na farawa ne daga kwamfuta. Ana zana siffar abin da ake so a cikinta, ko kuma a auna tsohon da ya karye a kwaikwayi zubinsa. Daga nan sai wata manhaja, wato tsarin aikin da ake ɗora wa kwamfuta, ta yayyanka wannan siffa a kwance, kamar yadda uwargida ke yanka albasa zobe-zobe. Kaurin kowane yanka yawanci kashi ɗaya ne cikin biyar na milimita. Ke nan abin da tsawonsa ya kai santimita 10 zai ɗauki layi 500, ɗaya bisa ɗaya.

Abincin injin shi ne zaren roba mai kaurin milimita 1.75, wanda ake sayarwa naɗe a faifai, kilo ɗaya-ɗaya. Injin na tura zaren cikin wani bakin tagulla mai ɗan rami da bai kai rabin milimita ba. Bakin na yin zafi sama da digiri 200, wato ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa. Robar ta narke, ta fito siririya, injin ya shimfiɗa ta bisa faranti, ta daskare nan take. In ya gama layin farko sai ya ɗan ɗaga, ya shimfiɗa na biyu bisa na farko, haka har abu ya tashi.

Hanyoyin motsin wannan inji uku ne: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Kowace hanyar motsi za mu kira ta gaɓa, kamar gaɓar hannun mutum. To inji mai gaɓa uku, duk inda ya je bakinsa ƙasa yake kallo, farantinsa kuma a shimfiɗe yake ba ya karkata. Ku riƙe wannan, domin nan ne tushen maganar duka.

Yadda ya sauko daga hannun manyan kamfanoni

Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya ƙirƙiro wannan hanya ta narka zare a ƙarshen shekarun 1980, ya yi mata rajistar mallaka a 1989, ya kafa kamfanin Stratasys. Shekara ashirin babu wanda ke da damar ƙera irin injin ya sayar sai da izininsa, shi ya sa mafi arahar injinan kamfanin ke wuce dalar Amurka dubu 10.

A shekara ta 2005 wani malamin jami'ar Bath a Ingila, Adrian Bowyer, ya soma wani shiri mai suna RepRap. Burinsa shi ne a samu injin da zai iya buga yawancin sassan jikinsa da kansa, kuma kowa ya samu zanen kyauta. A watan Mayu na 2008 injin farko ya buga sassan da aka haɗa na biyu da su. A 2009 wa'adin rajistar Stratasys ya cika, sai ƙofa ta buɗe. Wani matashi ɗan ƙasar Cek, Josef Prusa, wanda ya taso cikin shirin RepRap, ya kafa kamfaninsa a birnin Prag a 2012, injinsa mai suna Prusa i3 ya zama wanda aka fi kwaikwayo a duniya. A 2018 kamfanin Creality na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya fito da Ender 3 a kan kimanin dalar Amurka 200, wato sama kaɗan da jikka 100 na kuɗinmu na sefa. Abin da ya fi mota tsada jiya, ya dawo bai kai kuɗin babur ba.

Wannan tarihi na da muhimmanci, domin shi ya sa ake iya yi wa injinan kwaskwarima. Tun da zanensu a buɗe yake, duk mai basira na iya kwance su ya sake musu zubi, ba tare da neman izinin kowa ba.

Lahanin da ke tattare da gaɓa uku

Lahani na farko shi ne injin ba ya iya gini bisa iska. Kowane layi sai ya samu wani a ƙarƙashinsa da zai zauna a kai. In bango ya karkata kaɗan, ba matsala. Amma in karkatar ta wuce digiri 45, wato rabin tsakanin tsaye da kwance, sai narkakkiyar robar ta soma zubowa. Domin haka injin kan gina madogarai a ƙarƙashin duk wurin da ya yi rumfa, kamar yadda magina ke tokare rufin siminti da itatuwa kafin ya bushe. Bambancin shi ne magini na kwashe itatuwansa ya kai wani gini, su kuwa madogaran roba ɓalle su ake yi a zubar. An yi asarar zare, an yi asarar lokaci da wuta, sannan inda aka ɓalle su kan bar tabo da sai an goge.

Lahani na biyu ya fi na farko muni ga mai neman kayan gyara. Abin da injin ya gina yana da ƙarfi ta gefen da zaren ya miƙe, amma tsakanin layi da layi manne ne kawai. Mai faskare ya san wannan sirri: itace ba ya saruwa da sauƙi a gicciye, amma in aka bi tsagarsa, bugu ɗaya ya rabe. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ƙarfin da ke tsakanin layi da layi kan tsaya wajen rabin ƙarfin zaren kansa, wani lokaci ma bai kai ba. Saboda haka maƙalin da aka buga zai yi kyau a ido, amma ranar da aka rataya masa kaya sai ya ɓalle daidai kan layi.

Na uku shi ne duk wurin da ya kamata ya lanƙwasa sumul, kan fito da ƴan matakai kamar na bene. Ga abin ado wannan ba komai ba ne, amma ga fiffiken fanka ko cikin bututun ruwa, matakan nan na rage aiki.

Dabarar mai ginin tukunya

Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli masu ginin tukwane a Mirya ko a Bubon ya ga maganin waɗannan matsaloli da idonsa. Mai gini ba ta barin tukunya a kafe wuri ɗaya. Tana juya ta, tana karkata ta, hannunta na bin jikin yumɓu ta duk inda ya lanƙwasa. Shi ya sa take iya haɗe wuyan tulu ba tare da ta cika cikinsa da itace ba.

Abin da masu bincike suka yi wa injin ke nan. Sun ƙara masa gaɓa biyu: ta huɗu na juya farantin kamar yadda ake juya faifai, ta biyar na karkata shi kamar yadda mai talla ke karkata tirenta ta nuna wa mai saye kaya. In an haɗa su da ukun farko, bakin injin na iya iso wa abin da ake ginawa ta kusan kowane gefe.

Mu ɗauki misalin gwiwar bututun ruwa. Inji mai gaɓa uku zai tashi da ita a tsaye, amma da zarar ta soma lanƙwasa sai ya buƙaci madogarai a waje, wani lokaci har a ciki inda hannu ba ya shiga a fitar da su. Shi kuwa mai gaɓa biyar, duk zoben da ya ɗora sai farantin ya ɗan karkata, ta yadda zobe na gaba zai zauna daram bisa na baya. Gwiwa ta fito ba madogari ko ɗaya. Haka kuma yana iya gina cikin abu tukuna, sannan ya naɗe bayansa da zare ta wata fuska dabam, kamar yadda ake naɗe ƙotar fartanya da ta tsage da waya. Ta haka tsagar da ke sa abu karyewa ke samun abin da ya ɗaure ta. A wani bincike da Farfesa Charlie Wang da abokan aikinsa suka fitar a 2020, sun nuna cewa in aka daidaita kwanciyar zare da hanyar da nauyi ke bi, wasu kayan na ɗaukar nauyin da ya wuce ninki 6 na wanda aka gina da layi a kwance.

Gaɓa biyar ba sabon abu ba ne a manyan masana'antu. Masu ƙera jiragen sama sun daɗe suna sassaƙa ƙarfe da irin waɗannan injina, amma kuɗinsu kan kai ɗaruruwan miliyoyin sefa. Abin da ke sabo shi ne saukar da dabarar zuwa injin tebur.

Waɗanda suka yi aikin

A 2015 wani ɗalibin jami'ar Oslo a ƙasar Norwe, Øyvind Grutle, ya ɗauki wani injin RepRap mai suna Ormerod ya ƙara masa faranti mai juyawa da karkata, a matsayin aikinsa na kammala digiri na biyu. Ya sa masa suna Pentarod. Injin ya yi aiki, kuma ya nuna cewa ɗalibi ɗaya da ƴan kayan aiki na iya yin abin da a da sai kamfani.

A ƙasar Suwis, wasu masu bincike na babbar makarantar fasaha ta ZHAW a garin Winterthur, cikinsu har da Michael Wüthrich, sun bi wata hanya dabam. Sun bar farantin yadda yake, suka karkata bakin injin da digiri 45, suka sa shi yana juyawa. Gaɓa ɗaya kawai suka ƙara, suka sa wa injin suna RotBot. A maimakon layi a kwance, injin na ɗora su ne a siffar malfa, malfa bisa malfa. Kowace malfa na zaune bisa ta ƙarƙashinta, shi ya sa ake iya fitar da rumfa a miƙe ba tare da madogari ba. Sun fitar da bayanin dabarar a 2021. Daga baya aka ga cewa ko inji mai gaɓa uku na iya cin moriyar wani ɓangare nata, in an rage tsinin malfar.

Wanda ya fi yin suna shi ne shirin Open5x, wanda Freddie Hong da abokan aikinsa na Imperial College a birnin Landan suka gabatar a 2022. Sun ɗauki injin Prusa i3 irin wanda dubban mutane ke da shi a gida, suka cire farantinsa, suka sa wata shimfiɗa mai juyawa da karkata. Yawancin sassan shimfiɗar da injin kansa ake buga su kafin a kwance shi. Abin da ake saye shi ne ƙarin moter biyu, da igiyoyin roba masu haƙora, da kusoshi, da kuma sabuwar ƙwaƙwalwa mai suna Duet 2, domin ta asali ba ta da wurin sarrafa gaɓa biyar. Sun saka zane da jerin kayan duka a intanet kyauta. A 2023 sun nuna cewa da wannan hanya ana iya shimfiɗa layin roba mai ɗaukar lantarki bisa abu lanƙwasasshe, ma'ana wayar wuta a gine cikin jikin kaya.

Inda gizo ke saƙa

Mai karatu zai ce, to in haka ne me ya hana kowa ya ƙara wa injinsa gaɓa biyu? Amsar ita ce, ƙarfe da moter su ne ɓangare mai sauƙi. Duk yaron da ya iya gyaran rediyo ko salula, in aka ba shi zane da kaya zai haɗa su. Wahalar na cikin manhajar da ke gaya wa injin inda zai bi.

Yanka albasa zobe-zobe aiki ne da kowa ya iya, shi ya sa manhajojin gaɓa uku suke da yawa kuma kyauta ne. Amma in layin zai lanƙwasa, sai kwamfuta ta lissafa a kowane ɗan taki yadda farantin zai karkata, da yawan robar da za a zubo, domin wani gefen layin ya fi wani kauri, da kuma tabbatar da cewa kan injin bai yi karo da abin da ya riga ya gina ba. Kuskure ɗaya, aikin awa shida ya rushe.

Manhajar da masu Open5x suka yi tana zaune ne cikin wata babbar manhajar zane mai suna Rhino, wadda ake saye. Kuɗin lasisinta ga mai sana'a ya kusa Yuro 1000, wato sama da jikka 600.  An soma samun sauƙi ta wannan fuska: a 2025 wani matashin injiniya, Joshua Bird, ya saki wata manhajar kyauta mai suna S4 da ke yanka kusan kowace siffa a lanƙwashe. Amma har yanzu aikin na buƙatar wanda ya san kwamfuta sosai, bai kai matsayin a danna maɓalli a koma gefe ba.

Akwai kuma wasu abubuwan da ake rasawa. Shimfiɗar mai juyawa na cin wuri, saboda haka girman abin da injin zai iya ginawa na raguwa ƙwarai. Sannan saiti na da wuya: dole injin ya san ainihin tsakiyar inda farantin ke juyawa, in aka kuskure da ko rabin milimita, layi ba za su haɗu ba. Duk gaɓar da aka ƙara, an ƙara wurin da zai iya yin sako-sako.

A nan yankinmu fa?

Kwaskwarimar gaɓa biyar aikin ɗakunan bincike ne na Turai da na masu sha'awa a gidajensu. Amma uwar dabarar, wato kwance inji a sake masa zubi, ta daɗe da isowa yankinmu. A 2013 a birnin Lome na ƙasar Togo, Afate Gnikou na cibiyar WoeLab ya haɗa injin gina kaya daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da injinan buga takarda da aka zubar, a kan kimanin dalar Amurka 100. Daga ƙarshen 2017 kuma ƙungiyar Handicap International ta gwada wani shiri a Togo, Mali da Nijar, inda ake auna ƙafar majinyaci da wata ƴar na'ura, a aika awon ta intanet zuwa Lome, a buga masa abin tallafar ƙafa daidai jikinsa. Irin wannan kaya, mai lanƙwasa kuma mai ɗaukar nauyin mutum, shi ne wanda ƙarin gaɓoɓi zai fi yi wa amfani.

Maganar zare ma akwai masu nema mata mafita. A Turai kilo ɗaya na zaren da aka fi amfani da shi na tsakanin Yuro 15 da 25, wato jikka 10 zuwa 16, kafin a sa kuɗin jirgi da na duwan. Tsadar zare a ƙasar Ruwanda ce ta sa wasu matasa biyu, Swaleh Owais da Reiten Cheng, suka fito da wani inji mai suna Polyformer da ke yanka robar ruwan sha ya mayar da ita zare, har suka samu kyautar James Dyson a 2022. A wurin da zare ke da tsada haka, injin da ba ya zubar da shi a madogarai ya fi daraja a kan yadda yake a Landan.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe

Da farko, masu sayar da bokiti, baho, buta da kujerun roba su kwantar da hankalinsu. Masana'anta na zuba narkakkiyar roba cikin zubi ta fitar da kofi cikin daƙiƙoƙi, shi kuwa wannan inji sai ya share awa biyu ko uku a kan kofi ɗaya, ko gaɓarsa uku ce ko biyar. Ba zai taɓa yin gasa da kayan dila ba. Kasuwarsa ita ce abin da ake buƙatar ɗaya ko biyar, wanda babu shi a kanti, kuma mai shi na shirye ya biya domin injinsa ya tashi yau.

Na biyu, a tambayi irin zaren. Wanda ya fi yawa kuma ya fi sauƙin aiki sunansa PLA, amma yana soma laushi daga wajen digiri 60. Cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu, ko bisa rufin kwano, zafi na iya kai wa nan. Abin da zai zauna a rana ko kusa da inji mai zafi, a nemi a yi shi da PETG mai jure wa wajen digiri 80, ko ABS mai kai wa wajen 100. Ƙarin gaɓa ba ya hana roba narkewa.

Na uku, ga iyayenmu mata masu sayar da abinci: kada a karɓi cokali, mazubi ko marfin da aka buga da wannan inji domin fura, nono ko kunu. Tsakanin layi da layi akwai ƴan ramukan da datti ke maƙalewa, wanki ba ya fitar da shi, ruwan zafi kuma na lanƙwasa robar.

Na huɗu, wuta. Injin ba ya cin lantarki da yawa, yawanci watt 100 zuwa 150 ne yayin aiki, amma yana son ta ba yankewa na awoyi. Wanda zai kafa wannan sana'a sai ya lissafa da batir ko faifan hasken rana. Ƙurar hunturu na shiga gaɓoɓi, damshin damina kuma na ɓata zare, saboda haka sai da ɗaki mai rufi da akwatin ajiya.

Na biyar, in wani ya zo da inji ya ce mai gaɓa biyar ne, a yi masa tambaya uku. Wace manhaja ce ke tafiyar da shi, kuma nawa ne kuɗinta? Wa zai saita shi in ya kauce? Sannan a ba shi wani abu da ya karye a shago, a ce ya buga shi a gaban ido, a kama da hannu a gwada lanƙwasa shi. Gani ya kori ji. Galibin kayan gyaran da ake nema, kamar faifai mai haƙora, maɓalli, marfi da maƙali, inji mai gaɓa uku na yin su da kyau in mai aikin ya san yadda zai kwantar da su bisa faranti. Gaɓa biyar na zama dole ne kawai ga abu mai lanƙwasa da ke ɗaukar nauyi ta fuska fiye da ɗaya.

Daga 2009 da ƙofa ta buɗe zuwa 2018 da injin ya dawo jikka ɗari da ƴan kai, shekara tara ce kacal. Masu gaɓa biyar na kan wannan hanya, kuma abin da ya rage musu shi ne manhaja mai sauƙi. Ranar da ta samu, wanda zai ci riba shi ne wanda ya riga ya iya auna abin da ya karye ya zana shi a kwamfuta, domin inji kowa na iya saye. Saboda haka attajirin da ke da yaro mai basira a shago, gara ya fara kashe kuɗi a kan koya masa zane da inji mai araha, tun kafin a zo ana rububi. Kira kuma ga magabatan makarantun koyon sana'a da shugabannin ƴan kasuwa, su duba yadda za a sa wannan aiki cikin abin da ake koya wa matasa, kusa da walda da gyaran lantarki.

Allah ya ba kowa kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.